Kunun Inna da Ƙafar Yaya Lawal

Da sunan Allah da ya saukar da cuta, bai kuma bar ta babu magani ba.

Innarmu ba ta karanta boko, shi ya sa na samu bakin rubuta wannan. Duk wanda ya karanta, in ya san gidanmu a Kaikai, na haɗa shi da Allah kada ya kai mata labari. Ba don a samu abin hira na rubuta ba, sai don wani gidan ya tsira daga abin da ya same mu.

Sunana Murja. Ina aure a Kankiya, ina koyarwa a wata firamare. Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna, kuma wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. In tana son a kira shi sai ta ce, “Ku kira wancan.” Muna yara mukan tsokane ta da gangan, mu ce, “Inna, wa ya kawo buhun nan?” Ta wurgo mana mara ta ce mu ɓace mata da gani. Kunyar ɗan fari ke nan, abin yabo ce a wurinmu, ni ma da yabo na tashi ina kallonta.

A damina ta bara, lokacin maimai, wato noma na biyu, tsinin tsohuwar tushiya ya huda takalmin robar Yaya ya shige masa tafin ƙafa. Ya zare, ya matse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa kunyar gonar da yake kai. Wane manomi ne zai bar gona saboda tushiya? A makon farko ƙafar ta kumbura, ya sayi kafso a kemis ya sha, ta ɗan saɓe. A mako na biyu ta dawo da zazzaɓi, irin mai sa haƙora su riƙa haɗuwa da tsakar rana. Bakin ciwon bai fi ƙwayar wake ba, amma ruwa ba ya daina fita. Matarsa Habi tana da tsohon ciki, ga ƙaramar 'yarsu Ummi, don haka da aka kawo shi asibiti a Kankiya jinya ta faɗo kaina.

Wanda bai taɓa bin layin kati da mara lafiya a jingine a kafaɗarsa ba, bai san tsawon safiya ba. Ka bi layin kati, ka bi layin likita, ka bi layin biyan kuɗi, ka dawo a ce mai hatimi ya fita. Na yi masifa har wata tsohuwa ta ja mini mayafi ta ce, “Ɗiyata, nan ba aji ba ne.” Amma ba zan ci amanar gaskiya ba, likitan da muka samu mutumin kirki ne. Ya danna ƙafar, ya ga yadda Yaya ya zabura, ya ce yana tsoron ciwon ya kai ƙashi.

Shi ne ya fara gaya mana kalmar da har yau take yi mini amsa-kuwwa a kai, wato kalca. Ya ce ƙwayoyin cuta iri-iri ne, kowace da maganin da ke kashe ta, kuma ido ba ya bambance su. Za a ɗebi ruwan ciwon da jini a kai ɗakin gwaji a Katsina. A can za a shafa su a kan wani faranti mai abincin da ƙwayar cuta ke so, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. In akwai ta za ta tsiro ta yi yawa har a gan ta, a san sunanta, sannan a gwada mata magunguna a ga wanda take tsoro.

Yaya yana kwance yana rawar sanyi, amma sai da ya yi dariya. “Ashe ku ma manoma ne, likita. Shuka za ku yi.”

“Shuka za mu yi,” in ji likita. “Amma da sharaɗi. Kafin a ɗiba, zai yi 'yan kwanaki ba ya shan kowane maganin kashe ƙwayar cuta. Ko ɗaya. In akwai magani a jininsa, shukar ba za ta fito ba.”

Na riƙe wannan magana kamar karatun allo. 'Yan dubiya kuwa kun san su, ba mai zuwa hannu rabbana, kuma kowa likita ne. Wannan ya kawo garin saiwa, wancan ya zaro kafso daga aljihu ya ce shi ya warkar da surukinsa. Duk na karɓa da godiya na zuba a jaka, na hana ko ɗaya kaiwa bakinsa. Har suna na samu a ɗakin da aka kwantar da shi, wai Malama mai gadi.

Inna ba ta zo ba, ba wanda kuma ya yi tsammanin zuwanta. Uwa ta zauna a bakin gadon ɗan fari, mutane su ce me? Abin da take yi shi ne, kullum da safe ɗan acaɓa zai iso daga Kaikai da fulas na kunun tsamiya, a ɗaure da ɗankwali. Ba saƙo, ba gaisuwa. Yaya ba ya iya cin komai, amma wannan kunun sai ya shanye shi tas, ya juya fuska bango. Ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Wa zai ci rabon mara lafiya?

Aka ɗebi ruwan ciwon da jinin, aka sayar da tunkiyar Habi aka biya, maigidana ya kai Katsina da kansa. Kafin sakamako ya fito likita ya fara yi masa wata allura bisa zato. Da takardar ta dawo ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Babu abin da ya tsiro.”

Na ce alhamdu lillahi, don na ɗauka albishir ne. Ya girgiza kai. Ya ce ƙafar da ke zubar da ruwa haka ba za a ce ba komai a cikinta ba. Ya dube ni ya ce, “Malama, kin tabbata bai sha wani magani ba?” Na rantse masa, na zazzage jakar nan a gabansa ya ga komai yana nan yadda aka kawo. Ya tambayi Yaya, Yaya ya ce shi bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. Kuma bai yi ƙarya ba.

Allurar ta kwantar da zazzaɓin, muka fara murna, sai ga shi ya dawo. Aka canja wata, haka. Wajen mako na biyar likita ya ce lalube yake a duhu, a dakatar da komai a sake shuka. Aka sake, buhun gero ya bi tunkiya. Takarda ta dawo da magana ɗaya: babu abin da ya tsiro.

Ranar ce Baffa Sale, ƙanen mahaifinmu, wanda yake shi ne babba tun rasuwar Baba, ya buga sandarsa a ƙasa.

“To, kun ji da kunnenku. Su da kansu sun ce ba su ga komi ba, har sau biyu. Ciwon da na'ura ba ta gani ba, halan na asibiti ne? Yaron nan takawa ya yi. An binne mashi abu a gona. Ku ɗauko shi mu tahi gida.”

Likita ya ce a wuce da shi babban asibiti a Katsina. Na goyi bayansa, na yi magana har muryata ta dushe. Baffa ya ce, “Murja, bokonki bai hi na mai na'ura ba, shi kuma ya ce babu.” Me zan ce? Takardar tana hannuna, kuma abin da ta ce ke nan. Ba na jin haushin Baffa yanzu. Duk wanda aka ba wannan amsa sau biyu, in bai san yadda abin yake ba, inda Baffa ya tafi nan zai tafi.

Makonnin da muka yi a Kaikai su ne ba na son tunawa, su ne kuma ba sa barina. Aka yi hayaƙi, aka yi wanki da saiwoyi, aka kawo wani mutum daga wajen Bauranya ya tsaga fatar ya ce ya ciro gashi da ƙusa. Malamai suka yi addu'a, wannan kam ban raina ba, ita ce ta riƙe mu. Amma ƙafar ta yi baƙi har ƙauri. Warin kuma, Allah ya sani, har yau in na shiga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba sai in ji shi. Habi takan zauna tana kore masa ƙuda da mafici, hawaye na sauka a kan cikinta.

Inna ba ta shiga ɗakin. Takan wuce ta bakin ƙofa kamar za ta ɗebo itace, ta tsaya, ta ce wa iska, “Mutanen ɗakin nan sun tashi lahiya?” Yaya ya amsa daga ciki, shi ma kamar da bango yake, “Da sauƙi.” Sai ta ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa ta wuce. Wata rana da hantsi na same ta a bayan rumbu, ta dafa shi da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Da ta ji motsina ta ce wai gara take dubawa.

Daga baya cikinsa ya daina riƙe komai. Ko ruwa aka ba shi sai ya dawo, kunun ma ya gagara. Ya fara kiran Baba da ya rasu, yana cewa a rufe masa iri kada kaji su tone. A nan Baffa da kansa ya je ya nemo mota.

A Katsina suka karɓe shi da gaggawa. Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce a ɗebi jini kafin a sa masa komai, aka kuma shiga da shi aka yanke ruɓaɓɓen naman, aka ɗebo daga can cikin ƙashi. Na ce mata an yi wannan shukar sau biyu ba ta fito ba. Ta ce a yi ta uku.

Ta fito.

Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin gwajin, Allah ya saka mata da alheri, da ta ga na kasa zaune na kasa tsaye a bakin tagarsu, ta ɗago farantin daga nesa ta nuna mini ta bayan gilashi. Ja ne kamar daskararren jini, a kansa ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, kamar an watsa gero. Ta ce, “Ga mai ciwon ɗan'uwanki.” Na tsaya ina kallo. Wata biyu da wani abu muna faɗa da abin da ba mu san fuskarsa ba, an ce sammu, an ce iska, ga shi a faranti bai kai ƙwayar hatsi ba. Ta faɗi sunansa, dogo ne, bai zauna mini ba. Washegari ta nuna mini wani farantin da aka jera wa ƙananan takardu masu magani. Wasu ƙwayar ta mamaye su har baki, ba ta ko san da su ba. Guda biyu kuwa ta ja da baya ta bar musu fili kewaye. Ta ce waɗannan biyun su ne maganinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗaya daga cikinsu ba wani mai wuyar samu ba ne. Yana nan a Kankiya. Na sha wuce shi a kan kanta.

Aka fara yi masa, da ƙarin ruwa. Ya farfaɗo har ya gane ni, har ya tambayi ko Habi ta sauka. Amma likitar ta kira ni gefe ta ce kada in saki jiki, ƙwayar ta daɗe a jini, ta taɓa zuciya da ƙoda. Sannan ta ce, “Wannan ƙwayar ba ta da wuyar tsirowa. In har ta ƙi fitowa sau biyu, ina zargin akwai magani a jikinsa lokacin da aka ɗiba.” Na sake rantsuwa, har na ji haushinta.

Da ya fara karɓar abu, na dama masa kunun tsamiya a gidan wata 'yar'uwar maigidana na kawo. Na ba shi cokali ɗaya, ya juya shi a baki, ya yi murmushi.

“Naki ba ɗaci,” ya ce.

“Wane irin ɗaci, Yaya? Kunun tsamiya ne.”

“Na Inna da ɗaci. Can ƙasa-ƙasa, in ka kai ƙarshe.” Ya numfasa. “Ja-da-yalo take ɓarewa ta zuba. Na san ɗanɗanonshi. Wata rana ma na ga ɓawon a gindin fulas.”

Ga wanda bai sani ba, ja-da-yalo kafso ne da ake sayarwa ɗai-ɗai a kasuwa, a kan tire, kusa da alawa. Tsofaffinmu sun yarda da shi fiye da likita. Gudawa shi, ƙurji shi, har kaza in ta yi sanyi shi ake ɓare mata a ruwa.

Cokalin ya faɗi daga hannuna. “Yaya! Ba a gabanka likita ya hana ba?”

“Na ji. Na ce kafso guda me za ya yi? Ni dai ƙwaya aka ce kada in haɗiya.” Ya rufe ido. “Kuma in na hwaɗa maki, hana kawowa za ki yi. Murja, ke kin sha goyonta, kin kwana a bayanta. Ni tun da na yi wayo, ban taɓa cin abin da ta yi don ni kaɗai ba sai wanga kunu. Ɗacin nan da nike ji, shi ne na san tana ta tawa.”

Na so in yi masa faɗa, na so in fita in yi ihu, sai kawai na kifa kaina a bakin gadon. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalina ya ce, “Kada ki hwaɗa mata. Ko bayan raina. Ki yi mani alkawari.” Na yi.

Likitar kam na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta faɗi maganar da nake so duk mai karanta wannan ya haddace: “Maganin bai kai ya kashe ta ba, amma ya isa ya ɓoye ta.” Ta ce shi ya sa faranti ya fito fari, alhali tana can cikin ƙashi tana cin gabanta.

Ina godiya ga likitocin nan biyu, sun yi iyakar yinsu. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Sun tambaye ni, sun tambaye shi, ba wanda ya tambayi abin da yake ci da wanda ke dafawa. Mu ma da muka zagaye dangi kaf muna gargaɗi, har maƙwabta, ba wanda ya je ya gaya wa Inna sharaɗin likita. Ta yaya za ka tunkari uwa da zancen ɗan farinta? Ai sai ta tashi ta bar maka wurin. Mun ɗauka ba ta cikin jinyar, ashe ta fi kowa shiga. Don haka in an ce za a yi wa naku irin wannan gwaji, ku bi kowa ku gaya masa, ku fara da wadda ba ta magana. In takarda ta ce ba abin da ya tsiro alhali ciwo yana ci, kada ku ce ba na asibiti ba ne. Ku koma ku binciki tukunya.

Yaya Lawal ya rasu ranar wata Laraba bayan la'asar, geron da ya shuka yana tsaye a gona ya isa yanka. Habi ta haifi namiji bai gan shi ba. A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Mata suna ta cewa, “Kai, wannan baiwar Allah akwai kunya, akwai tawakkali.” Ina jinsu ina kallon hannuwanta.

Tun daga nan ban ƙara shan kunun tsamiya ba. In na rufe ido farantin nan nake gani, ja, da ɗigon geronsa.

Da bazarar nan na je Kaikai na tarar Ummi ba ta da lafiya, ƙurji ya fito mata a cinya, jikinta zafi rau. Na ce gobe zan tafi da ita Kankiya a duba. Da safe na shiga madafa, na samu Inna a tsugune, ta juya wa ƙofa baya. Kofin kunu a gabanta, tana murza ja-da-yalo da yatsu biyu.

Na riƙe hannunta. “Inna, bari. A bari a auna ta tukuna.”

Ba ta ƙwace ba. Ta dubi kafson, ta dube ni, idanunta sun kaɗa.

“Haka na riƙa yi ma wancan,” ta ce a hankali. “Kullum guda. Ba wanda ya sani. Duk kwanakin da shina sha, shina nan da ranshi. Sai da kuka kai shi Katsina, inda hannuna bai kai ba.” Ta damƙe kafson a tafin hannunta. “Murja, ke da kika yi karatu, hwaɗa mani gaskiya. Da biyu na riƙa sa mashi, da Lawal ya tashi?”

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙasa da ƙafar da ta daɗe ba ta taka ba.

Inna gaskiya ta nema a wurina, Yaya kuma alkawari na yi masa. Na buɗe tafin hannunta na ɗauke kafson, na ce, “Inna, kwanansa ne ya ƙare. Kuma kununki, ko sau ɗaya bai taɓa ragewa ba.”

Ta sa bakin zane ta rufe fuska. Na ɗauki Ummi na goya, muka fita neman mota.